Kyamarar Da Ba Ta Da Maɓalli

Yakubu, Rifkatu, na san abin da aka faɗa muku game da barina shagon Malam Sabo. An ce ya kore ni ne don ni Kirista ce, wai an yi biki a gidan manyan cikin gari suka ce ba sa son hannuna a aikinsu. Na ji wannan magana a bakin mata a coci, na ji ta a bakin kawunku, na yi shiru don ba na son dogon zance. Yanzu na ga kun fara ɗauke kai idan kun haɗu da mutumin a kasuwar Wunti. Wannan ba zan bari ba. Maganar ƙarya ce. Ga yadda aka yi.

Da babanku ya tafi gabas da rundunarsu bai dawo ba, aka ba mu lokaci mu kwashe kayanmu daga barikin Shadawanka. Ƙa'ida ce, ɗakin na soja mai rai ne, ban yi gardama da kowa ba. Na kama ɗaki a Fadaman Mada, na sayi tanda, na fara suyar masa a Wunti, a gaban wani shagon ɗaukar bidiyo. Mai shagon shi ne Malam Sabo. Ma'aikatansa kan dawo daga biki su zube wayoyi a bakin ƙofa a cukurkuɗe kamar hanjin akuya, su tafi neman abinci. Ni kuwa ba na iya ganin abu a hargitse in zauna. Idan ciniki ya lafa sai in jawo su in warware, in naɗe kowace, in jera. Ban nemi komai ba. Wata rana ya fito ya tsaya a kaina yana kallo.

"Maman Yakubu, masa kike sayarwa ko waya?"

"Wadda aka saya."

"Ina neman mace. Akwai gidajen da ba na iya shigar da maza."

Haka na shiga. Na fara da ɗaukar kaya, na koma riƙe kyamara a cikin mata. Da gwiwata ta fara hana ni doguwar tsayuwa, bai sallame ni ba, sai ya zaunar da ni a gaban miksa ya koya mini da hannunsa. Ku riƙe wannan. A lokacin yana da maza masu takardar makaranta, ya tsallake su ya zaunar da mai tuyar masa.

Miksa akwati ne ƙarami, mutum zai rungume shi da hannu ɗaya. A bayansa akwai ramuka, wayar kowace kyamara tana shiga rami ɗaya. A gabansa akwai maɓallai jere biyu. Jeren sama mai jar wuta shi ne abin da duniya ke gani a wannan lokacin. Jeren ƙasa mai koriyar wuta shi ne abin da kake shirin nunawa, kai kaɗai ke ganinsa. A gabanka kuma akwai allo da aka yanka gida-gida, kowace kyamara da gidanta da sunanta a ƙasa. Abin da masu kallo ba su sani ba shi ne, maɓalli bai san kyamara ba sai an haɗa su. Kafin a fara aiki ake buɗe kwamfuta, a ba kowane rami suna, a ce masa ga maɓallinka. Rami na uku zai iya zama a maɓallin farko, in haka kake so. Idan kuma ka hana rami maɓalli, hoton yana nan cikin akwatin, amma yatsa ba zai kai gare shi ba, ko da gangan ko bisa kuskure.

Sunayen da akwatin ya zo da su na Turanci ne da lambobi. Karatuna na ajin yaƙi da jahilci ne a coci, ina gane haruffa, ina haɗa suna, shi ke nan. Amma ba rashin karatu ne ya sa na canza su ba. Lamba ba ta amsa kira. In na ce a abin kunnen da nake magana da masu kyamara, kyamara ta biyu matsa hagu, sai kowa ya tsaya yana tunanin yau wa ke biyu, domin jiya wani ne. Kafin ya tuna, liman ya shafa fatiha. Sai na goge lambobin na sa sunayen mutane. Ɗanjuma. Bulus. Hafsatu. Na jera maɓallan yadda masu kyamarar suke tsaye a fili: wanda ke hagun taro yana hagun hannuna, na dama yana dama. Kowace waya kuma na manna mata salatef a kai da gindi, na rubuta sunan mai ita. Duk inda muka je sai na sake wannan jeri, ko da za a jira ni. Ranar farko da Malam Sabo ya gani ya yi dariya har ya zauna.

"Kin mai da mini miksa gidan haya. Kowa da sunansa a ƙofar ɗaki."

"In ɗaki ya yi wari a san wa za a kira."

Ya bar ni da tsarina. Muka yi shekaru a haka, ɗaurin aure, saukar karatu, taron coci, jana'izar manya. Ban taɓa nuna wa duniya kyamarar da ke kallon ƙasa ba. Na iya aikin, ba sai an faɗa mini ba.

Shekarar da nake so ku sani, aka kira mu biki a wani tsohon gida a cikin gari. Mai bikin Alhaji Bappa, ɗan kasuwa ne babba, a lokacin kuma ya fara sa ƙafa a siyasa. Shi da danginsa da abokansa su ne rabin aikin shagonmu. Amarya Ummi 'yar ƙanwarsa ce, ubanta ya rasu, a gidan ta tashi a hannun kakarta Goggo Dije, mahaifiyar Alhajin. Uwar amaryar, Hajiya Rabi, tana kwance a asibiti a Masar. Ita ce ta ce kada a ɗaga bikin don ita, ta san abin da likitoci suka faɗa mata. Abu ɗaya ta roƙa, ta ga 'yarta ranar da za a kai ta. A waje za mu kafa kyamarori uku, a haska a babban allo a ƙarƙashin rumfa, a kuma watsa kai tsaye a intanet don mutanen Alhaji na nesa. Ta huɗu ita ce ta cikin gida, a hannun Hafsatu. A kan wannan ce Goggo ta ce sai ta ga mai akwatin ido da ido. Ana gobe biki da safe na shiga. Na same ta a kan buzu a ƙofar ɗakinta, ƙaramar tsohuwa, ana yanke mata farce. Na durƙusa na gaishe ta.

"Ke ce mai akwatin?"

"Ni ce, Goggo."

"An ce ke Kirista ce."

"Haka ne."

"Za ki rantse mini da naku littafin?"

"Ba na rantsuwa. In na ce i, i ne."

"To, ya fi sauƙi. Zauna."

Ta yi mini bayani ba kwana-kwana. Gobe matan da za su cika tsakar gidan nan za su ajiye mayafansu, za su yi rawa, za su yi wasan jika da kaka, za su faɗi maganganun da ba a faɗa gaban maza. A cikinsu akwai tsofaffin da tun da aka kai su ɗaki baƙon namiji bai ga gashin kansu ba. Akwai matan malamai da mazajensu suka bar su su zo don sun san gidan wa za su. Ta ce za a ajiye kwando a ƙofar shigowa, kowace mace ta sa wayarta a ciki, ko matar wa ce. Ita ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba sai na zuwa Makka. Don Rabi kawai ta sassauta.

"Idon nan na Rabi ne. Ita kaɗai. Ko Bappa ban yarda ya leƙa ba, shi da na haifa."

"Muddin ina kan kujerar, ba mai gani sai ita."

"In kin tashi fa? Ke ba kya fitsari?"

Matan da ke wurin suka yi dariya. Ni ban yi ba.

"In zan tashi zan aiko a faɗa miki."

"'Yar nan ba ta da fara'a," in ji ta ga mai yanke mata farce. "Ta yi mini."

Da na fito na faɗa wa Malam Sabo duk abin da muka yi da ita, ban rage komai ba. Yana duba janareto a lokacin. Ya ce to, ke kika san aikinki.

Washegari tun hantsi na zauna na tsara akwatin. Ɗanjuma a hagu, wajen limamai. Bulus a tsakiya, a kan ɗan dandamali, yana ɗaukar taron duka. Wani da muka aro, Isiyaku, a dama wajen da baƙi ke sauka. Kowa na ba shi sunansa da maɓallinsa. Wayar kyamarar Hafsatu, wadda muka bi da ita ta magudanar ruwa zuwa cikin gida, na sa ta a ramin ƙarshe. Miksa tana da wata mafita ta gefe wadda ba ruwanta da abin da duniya ke gani. Ta nan na tura hoton ciki zuwa wata kwamfuta daban, daga ita sai wayar Hajiya Rabi a asibiti. Maɓalli kuwa na hana shi, sama da ƙasa. Na cire shi daga allon gida-gida ma, domin mai kula da sauti namiji ne kuma kusa da ni yake zama. Na sa ɗan ƙaramin allo a cikin kwali, bakin kwalin yana kallon fuskata, don in riƙa ganin ko Hafsatu na kan hanya. Da na zo ba ramin suna sai na tsaya. Bisa al'adata Hafsatu zan rubuta. Na rubuta Goggo. Malam Sabo ya leƙo ta kafaɗata ya gani.

"Goggo ta fara riƙe kyamara?"

"Ita ke da hoton."

Aiki ya tafi lafiya. Aka ɗaura aure kafin azahar, maroƙa suka cika unguwa da baki, motoci har bakin titi. Hannuna na kan maɓallai, bakina na kiran sunaye. Ɗanjuma, liman. Bulus, buɗe. Isiyaku, ga mai babbar riga nan ya sauko, bi shi. A cikin kwalina kuwa wata duniya ce daban. Tsofaffi sun ɗaure ɗankwali a ƙugu suna taka rawa, ana kiɗan ƙwarya, ana jan amarya da tsokana. Goggo tana da ƙaramar waya irin ta dā wadda ba ta hoto, tana manne da ita a kunne, ita da Rabi. Hafsatu ta riƙa ba ni labari a abin kunne: Hajiya Rabi ta ce ta ga wance ta yi ƙiba, ta ce a matsa kusa da tukunya ta ga ko an ƙona shinkafa, ta yi dariya har ma'aikaciyar asibiti ta shigo. Amaryar dai ba a gama shirya ta ba. Sai bayan la'asar za a fito da ita da lallenta da kayanta, a kawo ta gaban Goggo a yi mata faɗa kafin a tafi da ita. Wannan ne abin da uwar ke jira tun safe.

Ana idar da la'asar sai ga motoci da jiniya. Matar wani babba ce ta zo, ba zan faɗi ko wane ne ba. Isiyaku ya ɗauke ta tana sauka, na nuna ta har ta shige zaure. Daga nan ta fita daga hannuna. Ba a jima ba Alhaji Bappa ya shigo rumfarmu da kansa, yana tattare babbar riga, gumi a goshinsa. Ban taɓa ganinsa a wajen wayoyi ba sai ranar.

"Sabo, a sa mini cikin gida a babban allo. Hajiyar nan da ta sauka yanzu ce za ta riƙo hannun amarya. Ina so gari ya gani."

Malam Sabo ya dube ni.

"Maman Yakubu."

"Ba shi da maɓalli."

"To a yi masa mana," in ji Alhaji. "Madam, gidan nan nawa ne."

"Ƙofar gida taka ce, Alhaji. Ciki na Goggo ne. A tambaye ta."

"In kutsa cikin mata yanzu? Sabo, ina ka samo wannan?"

Ya san amsar da uwarsa za ta ba shi, shi ya sa bai aika ba. Malam Sabo ya sunkuyo kusa da kunnena ya rage murya. Ba zagina ya yi ba, lallashi ya yi. Ya ce ɗan lokaci ne kaɗan. Ya ce a gaya wa Hafsatu ta matse hoton a kan Hajiya da amarya kawai, ba wanda zai ga sauran matan. Maganarsa ba ta wauta ba ce, a wani gidan da haka za a yi a wuce. Amma ina kallon kwalina. Tsakar gidan a cike take maƙil, ba inda za ka matse hoto kan wata tsohuwa bai shigo ba. Abin da ya fita kai tsaye kuma ba a kamo shi, kafin magariba yana cikin wayar kowane mai keke a Bauchi. Ko da ma za a iya, ni ban ce wa Goggo za a nuna kaɗan ba. Na ce ba mai gani.

"Malam, na faɗa maka jiya ka ce to."

"Na ce. Yau ga mai biki a tsaye."

"Ba zan sa ba."

Malam Sabo ya ɗago. Alhaji na tsaye a kanmu yana kaɗa makullin mota.

"To tashi," in ji Malam Sabo.

Akwatinsa ne, shi ya koya mini. Ba ni da ikon hana shi zama a kujerarsa, ban kuma taɓa ko waya ɗaya ba. Na miƙe. Kafin in cire abin kunne na danna na yi magana, da ƙarfi yadda su biyun za su ji, don ba na yin abu a ɓoye.

"Hafsatu, faɗa wa Goggo na tashi."

Malam Sabo ya ji. Ya dube ni, ya zauna ya jawo kwamfuta. Hannunsa ya fi nawa sauri. Ya nemo ramin da aka rubuta Goggo, ya ba shi maɓalli, ya danna jeren ƙasa don ya duba kafin ya fitar. Abin da ya fito zane ne. Ruwan ƙasa, da ɗan aikin zare a gefe, yana motsi kaɗan. Mayafin Goggo ne. Hafsatu ta ce mini daga baya tsohuwar ba ta tambayi dalili ba, ta miƙe da kanta ta yafa shi a kan kyamarar, ta ɗaure da bakinsa, ta koma ta zauna. A daidai lokacin muka ji guɗa ta tashi ta bayan katanga. An fito da amarya.

Na san abin da nake yi lokacin da na yi maganar nan, kada wani ya ce muku ban sani ba. Ido ɗaya ne a cikin gidan. In an rufe shi ga gari, an rufe shi ga Rabi. Matar da ta kwana tana jira a gadon asibiti, abin da ta gani a wayarta shi ne mayafin uwarta. Ta ji guɗa, ta ji kuka, ta ji muryar 'yarta ta ƙaramar wayar Goggo. Fuska ba ta gani ba. Kafin a gama cacar baki a waje, a samu mai shiga ya yi bayani, an riga an sa amarya a mota.

Malam Sabo bai fitar da zanen ba. Ya bar Bulus a jar wuta, ya ƙarasa aikin da kansa. Alhaji ya faɗi maganganu, wasu a kaina, wasu a kansa. Ba zan maimaita ba, amma ko ɗaya bai taɓa addinina ba. Taurin kai ya ce, da rashin sanin girman mutane. Ni na koma gefe na jira, da aka tashi na naɗe wayoyi kamar kullum.

Washegari na je shago. Malam Sabo ya sallami kowa ya rage mu biyu. Idonsa ya nuna bai yi barcin kirki ba.

"Da kin bari na duba, wataƙila da ni ma ban fitar ba."

"Wataƙila."

"Ba ki yarda da ni ba ke nan."

"Ba da wataƙila na yi mata alkawari ba."

Ya jinjina kai. Ya ce na yi magana ta kansa a gaban mai aiki, kuma akwatin nan murya ɗaya yake ji, in an yi biyu aiki ya lalace. Wannan gaskiya ce, ni ma haka nake koya wa na ƙasa da ni. Sannan ya faɗi ainihin maganar. Alhaji ya aiko cewa in ina shagon, shi da mutanensa sun bar shi. Ɗanjuma na da mata da 'ya'ya, Bulus na biya wa ƙannensa makaranta, Hafsatu ita ke riƙe da uwarta. Ya tsaya a nan yana juya hula a hannu, ya kasa ƙarasawa. Mutumin da ya ɗauke ni daga bakin tanda, ban ga dalilin da zan sa shi ya furta ba.

"Na tafi, Malam. Salatef na cikin aljihun jaka ta biyu. Kada ka bari Ɗanjuma ya naɗe waya, karya ta yake yi."

"Maman Yakubu."

"Ba komai."

Ni na tafi da ƙafata. Ya yi kuskure da ya ce in tashi, ya kuma san ya yi. Amma mutum ne da aka matse tsakanin maganar da ya yi jiya da abincin gidaje da yawa. Don haka in kun gan shi ku gaishe shi da kyau, ku rusuna. Shi ne daga baya ya gaya wa dattawan cocinmu, lokacin da suka sayi tasu miksar, cewa kada su nemi kowa, mai iyawa na zaune a bencinsu na baya. Bai taɓa faɗa mini ya yi haka ba, a bakin fasto na ji.

Kafin wannan ya zo kuwa mun sha wuya, kun sani. Na koma tanda. Shekarar ce, Yakubu, na cire ka daga makarantar da kake so na mai da kai ta gwamnati, ka yi wata guda ba ka yi mini magana ba. Ke kuma Rifkatu kika fara tashi da asuba kina taya ni niƙa, hannunki ya yi kanta kina ƙarama. Ban tambaye ku ba kafin in yanke, ku kuka biya tare da ni. Na sani. In da za a mai da ni kan kujerar nan yau, abin da na yi shi zan yi. Ba na faɗin haka don taƙama. Mace irina ba ta da gona, ba ta da takarda, ba ta da miji. Maganata ce kawai ake shigar da ni gidajen mutane da ita.

Hajiya Rabi ba ta dawo da ƙafarta ba. Kafin damina ta faɗi ta rasu a can. Hafsatu ce ta zo har Wunti ta faɗa mini, ta ce ita a ganinta kada in je, akwai masu jin haushina a gidan. Na rufe tanda na sa mayafi na tafi. Tsakar gidan a cike take da mata a kan tabarmi, da yawansu na gane su daga cikin kwalina, su ba su san ni ba. Waɗanda suka san ni suka fara taɓa juna. Goggo na ƙofar ɗakinta da carbi, ta ƙara ƙanƙancewa. Ummi na gefenta, lallen ya riga ya goge daga hannunta. Na durƙusa.

"Na zo gaisuwa, Goggo. Ya haƙuri? Allah Ya ji ƙanta."

"Amin. Haƙuri sai ma'abocinsa. Matso nan, ba na jin nesa."

Na matsa.

"An ce kin bar wurin Sabo."

"Na bari."

"Bappa ne?"

"Ni ce."

Ba ta ja maganar ba.

"Rabi ta tambaye ni wa ya rufe. Na ce ni ce."

"Ni na aiko, Goggo."

"Ke kin aiko. Hannun da ya rufe nawa ne, kada ki ƙwace mini." Ta ja carbi. "Ta kashe waya a kunnena. Ta yi kwanaki ba ta ɗauka. Da ta ɗauka kuma ba mu sake komawa kan zancen ba, har Allah Ya yi ikonSa. Ban sani ba ko ta huce."

Ta ɗaga haɓa ta nuna matan da ke zaune.

"Kin ga waɗannan? Da kawunansu sun yawata a wayoyin gari, rabinsu da ba a bar su sun tako gidan nan yau ba. Da ni kaɗai zan zauna makokin 'yata. Ummi, kawo wa baƙuwa ruwa."

Ummi ta tashi don an sa ta. Ta dawo da kofi, ta durƙusa ta ajiye a gabana, ba ta ɗago ido ba. Sai ta yi magana ƙasa-ƙasa, yadda ni kaɗai zan ji.

"Ranar bikin mahaifiyata ta ce a waya in ɗaga mata hannuna ta ga lallen. Na ɗaga."

Na ɗauki ruwan na shanye, na miƙa mata kofin da hannu biyu. Ta karɓa.